Naman da Ba a Ga Yankansa Ba

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Daga ƙanwarka Zara a Gure, zuwa ga yayana Haruna mahauci, ɗan marigayi Idi, a duk inda wannan takarda ta same ka. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina tambayar lafiyarka da lafiyar mutanen da suka ba ka masauki, Allah ya saka musu da alheri. Inna tana gaishe ka, matarka Aisa tana gaishe ka.

Bayan haka, ka san ban iya rubutu ba. Ina zaune ne a zauren malamin unguwarmu, ina faɗa yana rubutawa. Fataken kanwa masu gangarawa kudu zan ba, na roƙe su su sa a karanta ta a kowace rumfar mahauta suka tarar, daga Nguru har inda tafiyarsu ta ƙare, domin ban san garin da kake ba. Ke nan baƙi za su ji maganar gidanmu kafin ta iso kunnenka. Ka yi haƙuri. Zan faro daga abin da ka sani don su gane wanda nake nema, sannan in zo kan abin da ba ka sani ba.

Damina biyu ke nan rabonmu da kai.

Ka tuna rumfarmu ta bakin kasuwa, wadda Baba ya bar mana, kusa da inda matan kwari, masu lambu, ke zama da albasarsu. Kai ke yanka, kai ke fiɗa, ka yanyanka naman fale-fale ka shanya a gadon kara. Ni ke daka tunkuza da citta da kanumfari, in dama labun kilishi. Kullum sai ka ce na cika barkono, ni kuma in ce harshenka ne ya tsufa tun kana da ƙuruciya. Ba mu yi arziki ba. Amma matafiyi daga Alakos ko Gamu in ya shigo Gure, yakan tambayi kilishin gidan Idi tun bai sauke kayansa ba.

Shekarar da fara ta cinye hatsi, ciwo kuma ya shiga shanu, ita ce shekarar da Tanko ya sauka garin nan. Ya ce shi dillalin dabbobi ne. Dogo, mai tsabtar riga, mai sanyin murya, ko ana faɗa ba ya ɗaga ta. Yana da ƙarti da ke bin sa, babbansu Barmo, mai faɗin kafaɗa, wanda ba a taɓa ganinsa babu kulki ba.

Da farko shanu ya riƙa kawowa da araha. Arahar ce ta sa mutane suka kau da kai daga kunnuwan da aka sake yankewa, da sabuwar ƙunar da ke kan cinya, daidai inda shaidar mai saniya take. Kowa ya gane na sata ne, kowa ya yi shiru. Daga baya sai ya daina kawo mai rai. Da fitowar rana jakuna za su shigo da nama naɗe a tabarmi, an riga an feɗe, babu kai, babu fata, babu wanda ya ga yankansa.

Na ga ranar da ka ɗaga wata cinya ka shinshina, ka murza jinin a yatsa, baƙi ƙirin, ka mayar ka goge hannunka da yashi. Muka koma gida. Ka ce, “Zara, wannan saniyar ba wuƙa ce ta kashe ta ba. Ciwon saifa ne.”

Mushe, Yaya. Mushen da ciwo ya kashe a daji, shi ake raba wa mahautan Gure. Tanko ya ce a yi kilishi da shi a cika yaji, wanda ya rage a cakuɗa da mai kyau a kasa kashi-kashi. Talakan da ya daɗe bai ga nama a tukunyarsa ba ya ga araha ya saya, yana sa albarka.

Baba Audu, abokin mahaifinmu, shi ya fara cewa ba zai karɓa ba. Washegari muka tarar da rumfarsa ta zama toka. Wani makiyayi da ya saba kawo maka raguna kai tsaye, aka tare shi a hanya aka karya masa haƙarƙari, aka ce ya gaya wa 'yan'uwansa duk dabbar da za ta shiga Gure sai ta bi ta hannun Tanko. Gardin bariki, wato ɗan sandan da ake turowa kasuwa, kowace ranar kasuwa da cinyarsa yake komawa gida, idonsa kuwa bai taɓa ganin komai ba. Ɗaya bayan ɗaya mahauta suka miƙa wuya. Ban zarge su ba. Yunwa ake yi, suna da 'ya'ya.

Kai ka ƙi. Wani mako ka samu ɗan akuya ka yanka, wani mako mu zauna a rumfa babu komai sai ƙuda.

Ka tuna ranar da Tanko ya zo da kansa. Ya yi sallama, ya cire takalmi ya zauna a tabarmarmu kamar baƙon arziki. Ya gutsuri kilishinka ya tauna, ya yaba. Barmo yana tsaye a bayansa ya tare mana rana. Tanko ya ce, “Haruna, kai kaɗai ka rage. Mutane suna tambaya me ya sa naka ya fi tsada, kai kuma kana ba su amsa. Amsar nan tana ɓata mini ciniki.” Ka ce ba ka kira sunan kowa ba. Ya yi murmushi ya ce, “Na ji matarka ta kusa sauka. Na gan ta jiya a hanyar rijiya, ita kaɗai. Hanyar nan da nisa ga mai ciki.” Ya sa takalminsa, ya yi mana sai an jima.

Tun daga ranar ni na koma ɗebo ruwa, Aisa ba ta ƙara leƙa ƙofar gida ba.

Sai maganar Fanna. Masu sauraro ba su san ta ba: Babarbariya ce daga lambunan kwari, mai sayar da albasa kusa da mu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ta sayi naman arahar nan a rumfar da ke gefenmu don ta faranta musu. Gidan duka suka kwanta, amai da zazzaɓi da kumburin ciki. Manyan suka tashi. 'Yar autarta ba ta tashi ba.

Ranar kasuwar da ta biyo baya ta shigo babu albasa, sai ɗan zanen yarinyar a hannu. Ta bi rumfunan mahauta ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, da Barbarci da Hausa, “Wa ya yanka saniyar da 'yata ta ci? Ku nuna mini shi in tambaye shi.” Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa wuƙa. Da ta iso gabanmu na riƙe gefen rigarka. Na san halinka. Ka cire hannuna a hankali.

Ka ce, “Fanna, babu wanda ya yanka ta. Mushe ne. Tanko ke kawo shi, kuma kowa a layin nan ya sani.” Ba ka yi ihu ba, amma har masu gishiri sun ji.

Sai ga Barmo yana ratsa mutane. Ya sa ƙafa ya ture gadon kilishi, aikinmu na mako ya zube a yashi. Na durƙusa zan tattara, ya ɗaga kulki. Na kare kaina da hannu, na ji ƙarar ƙashina kafin in ji zafinsa. Ya sake ɗagawa. Ba ka yi tunani ba, Yaya, na ga fuskarka. Wuƙar fawa tana hannunka tun safe. Ta shiga tsakanin wuyansa da kafaɗa, ya faɗi, jini ya malale har ƙarƙashin tabarma, ƙafafunsa suka yi shure-shure suka tsaya.

Ka tsaya kana kallonsa kamar ba ka san inda kake ba. Baba Audu ne ya ƙwace wuƙar, ya tura ka, ya ce ka bi ayarin kanwar da ke ɗaura kaya a bayan kasuwa. Ka juyo ka dube ni a ƙasa. Na ce ka tafi. Ko gida ba ka biya ba.

Nan saninka ya tsaya. Yanzu ka saurara da kyau, mai karatu kuma don Allah ya maimaita wannan wurin.

Barmo bai mutu ba.

Ba ka kashe kowa ba, Yaya. Suma ya yi. 'Yan'uwansa suka ɗauke shi, wani wanzami ya tsayar da jinin, ya yi wata da watanni a kwance, ya tashi. Hannunsa na dama ne ya mutu, yana reto kamar igiya. Na san ka. Na san tun ranar nan kana tsayawa salla kana jin kanka mai jini a hannu, wataƙila ko abinci ba ya yi maka daɗi. Na aika maka da wannan magana ta bakin fatake ba sau ɗaya ba, duk suka dawo suka ce ba su ga mai kamarka ba. Ka sauke wannan kayan daga kanka.

Abin da ya biyo baya bai yi sauƙi ba. Kafin la'asar ranar sun cinna wa rumfarmu wuta, mutane na kallo. Gardawa suka zo, ni suka kama, da karyayyen hannuna. Na kwana a gidan kaso har na daina lissafi, kullum tafinta na tambayata inda ka nufa, kullum ina cewa ina kwance a ƙasa, ban gani ba. Kafin a sake ni a kai ni wurin maɗori, ƙashin ya fara kamawa a karkace. Haka ya zauna. Ba na iya ɗaga taɓarya. Kada ka damu, ina cin tuwo da shi, ina alwala da shi.

Aisa ta sauka lafiya, namiji. An sa masa sunan Baba, muna kiransa Abba. Ana gobe suna sai ga ɗaya daga cikin ƙartin Tanko da ƙaton rago, wai maigidansu yana taya mu murna, tunda uban yaro ba ya nan. Matan da suka zo aiki duk suka yi cirko-cirko. Inna, da ciwon gwiwarta, ta tashi ta karɓi igiyar, ta ja ragon ta ratsa gari da rana tsaka, ta ɗaure shi a ƙofar gidan Tanko, ta dawo ta zauna. Baba Audu ya ba mu ɗan akuyarsa guda da ya rage, da shi aka raɗa sunan ɗanka. Makon nan duka a ɗaki ɗaya muka kwana, turmi tokare da ƙofa.

Na ɗauka fawa ta ƙare a gidan Idi. Fanna ce ta zo ta same ni. Ta ce, “Yayanki ya faɗi gaskiya saboda 'yata, ya rasa garinsa. Ki tashi ki kafa rumfa, mu za mu zauna.” Na ce ni mace ce, ba na yanka, ga hannu babu. Ta ce Baba Audu yana da hannu, Aisa tana da taɓarya.

Muka kafa 'yar rumfa a kan tokar tsohuwar. Baba Audu ya jawo tunkiya da ranta, ya yanka ta a gaban jama'a, ya rataye kai da fata a jikin rumfa. Matan kwari suka kwaso albasarsu da tabarminsu suka zagaye mu. Ƙartin Tanko suka zo suka tsaya daga nesa da sanduna. Don tsoro ban san yadda na kai yamma ba. Amma dukan mace ɗaya daban, dukan matan kwari gaba ɗaya a idon mazansu daban. Suka gaji da tsayuwa suka tafi.

Daga nan magana ta bazu a tsakanin mata. Duk wadda ta je sayen nama sai ta tambaya, “Ina kan? Ina fatar?” In babu, ta wuce. Naman Tanko ya fara kwana yana wari a rumfuna. Ba su bar mu ba. Sun zuba mana yashi a labu, sun tare Baba Audu a lungu sun fasa masa baki, haƙoransa na gaba sun tafi. Da ya warke ya dawo ya ci gaba da yanka.

Tambayar fatar nan ce ta kai kunnen makiyayan Alakos, waɗanda shanunsu suka daɗe suna ɓacewa. Suka ce in babu fata a kasuwa, to tana wani wuri. Suka shigo gari da yawa a kan raƙuma, suka wuce gardin kasuwa ba ko kallo, suka tsaya a ƙofar bariki har kumandan ya fito. Aka buɗe gidan Tanko. Fatu ne jibge a ɗakin baya, kowane makiyayi yana zaro tasa yana nuna shaidar gidansu. Na ga Tanko da igiya a ƙugu, an tasa shi gaba zuwa Damagaram. Ko a ranar rigarsa fes take. Da ya zo wucewa ta gabanmu ya dube ni ya ce, “Ki gaida Haruna.”

An kama wasu daga cikin ƙartinsa, wasu sun watse. Barmo ba a taɓa shi ba, aka ce mai hannu ɗaya ne, kuma shi aka sara. Baba Audu ya je ya tambayi maganarka a bariki, aka ce tunda rai bai fita ba, kasuwa kuma ta shaida wanda ya fara duka, abu ne na sulhu. Ranar Inna ta yi guɗa, ita da ban taɓa jin guɗarta ba. Na zo wurin malam na ce ya tanadi tawada, zan rubuta maka ka dawo gida.

Ban kai ga rubutawa ba sai ga Barmo, ranar kasuwar da ta wuce.

Ya rame, ya tara gemu. Ya zo ya tsaya gaban rumfa. Ya nuna kilishi da hannun hagu, na naɗe masa, ya biya, ya gutsura ya ci a tsaye. Sannan ya ce, “Kudu za ni, neman maganin hannun nan. An ce akwai masu magani wajen Nguru. Ko kina da saƙo wurin yayanki?”

Na ce ban san inda kake ba.

Ya ce, “Ni ma ban sani ba. Amma sana'a ɗaya ya iya. Zan bi rumfunan mahauta in yi tambaya.”

Ya juya zai tafi, iska ta ɗaga hannun rigarsa. Ka san wuƙar damtsen nan tasa, da a hagu yake ɗaura ta kamar kowa, don dama ta zaro. Yanzu ta koma kan mataccen hannun, inda hagu za ta kai gare ta. Sabon kube ne.

Wataƙila magani yake nema da gaske. Allah ne ya san zuciya. Amma ya bi ayarin da ya tashi washegari, ya riga wannan takarda fita, na kuwa roƙi fataken nan su rage zango saboda Allah.

Don haka ka ji ni, Yaya. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, da gemu, da tabo a gindin wuya ta dama, hannun dama ba ya motsi. Kada ka zauna ka ba ƙofa baya. Kada ka je mayanka kai kaɗai da sassafe. Ku kuma mahautan da ake karanta muku wannan, in mai wannan kama ya zo yana tambayar Haruna na Gure, ku ba shi ruwa ya sha, ku ce ba ku sani ba, ku aika a gaya wa ɗan'uwanku. Kun ji dalilin da ya raba shi da gida.

In kuwa kuka haɗu ido da ido, ina roƙonka da girman Allah da nonon Inna, kada ka riga shi zaro ƙarfe. Ka yi ihu, ka tara mutane, ka gudu in gudu ya samu, babu kunya a ciki. Allah ya tsare ka daga ɗaukar rai a ranar da ba ka cikin hayyacinka. Kada ka je ka ƙarasa da saninka.

Ba zan ce ka taho ba, ba zan ce ka zauna ba, ba kuma zan ambaci hanya ba, domin a fili za a karanta wannan, shi ma yana da kunne. Kai ka san abin da ya dace. Abin da zan gaya maka shi ne dangin Aisa sun matsa mata ta je wurin alƙali a raba auren, ta ce mijinta tafiya ya yi, ba mutuwa ba. Abba ya fara tafiya, yana bin kaji yana faɗuwa, goshinka ne sak. Idon Inna ya yi rauni, duk namijin da ya yi sallama a ƙofa sai ta ce a yi shiru ta ji muryar. Ni kuwa, ɗan'uwana, na gaji da zama jaruma. Ina so in ga yayana ya shigo ya zauna, in kawo masa ruwa, in yi kukan da na riƙe tun ranar nan.

Ya Allah, ka isar da wannan takarda kafin waccan ƙafar ta isa. Ka rufe idon mai mugun nufi, ka sanyaya zuciyarsa, in magani yake nema ka ba shi ya koma lafiya. Ka tsare Haruna a zaune da tafe, ka sa ya kwana cikin mutanen kirki. Ka ji ƙan Baba, ka ji ƙan 'yar Fanna. Ka ara wa Inna kwana har ta ji sallamar da take jira. Amin.

Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Zara, 'yar Idi mahauci, Gure.